Rosmari da Ƙananan Ƙudaje

1. Baƙo daga bakin bahar

Yara, ko kun taɓa lura da 'yan shuke-shuken da a ke dasawa cikin tsofaffin tukwane a tsakar gida? A garuruwanmu na kudancin Kano, irin su Ƙiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, sau da yawa uwar gida ta kan sami tsohuwar tukunya ko bokitin da ya huje, ta cika da ƙasa, ta dasa ɗoɗɗoya ko na'ana'a ko barkono, ta ajiye kusa da randa. In ta tashi yin miya ko dafa shayi, sai ta miƙa hannu ta tsinki abin da ta ke bukata.

Yau za mu yi karatu a kan wani baƙon tsiro da ya fara shiga irin waɗannan tukwane. Sunansa rosmari. Asalinsa daga ƙasashen da ke gefen Bahar Rum ne, watau irin su Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Sifen da Italiya da Girka. Sunan nan daga harshen Rumawan dā ya fito, ma'anarsa kuwa raɓar teku. Larabawa suna ce da shi iklilul jabal, watau kambin dutse. Ganyensa sirara ne kamar allura, kore ta sama, fari-fari ta ƙasa. In ka murza shi a hannu sai ka ji ƙanshi mai ƙarfi. Furensa ƙanana ne, shuɗi-shuɗi. Ana sa ganyen cikin nama da kifi, ana kuma jefa shi cikin shayi. Ba a cika shuka shi da iri ba, reshe a ke yankowa a dasa.

Akwai abu guda da ya kamata ku riƙe game da wannan baƙo. A ƙasarsu, da sanyi a ke yin ruwan sama, lokacin zafi kuwa ƙasa ta kan bushe ƙayau. Cikin duwatsu da tsakuwa ya saba fitowa, inda ruwa ba ya kwanciya. Mu kuwa a nan, ruwa da zafi tare su ke zuwa, kudancin Kano kuma ya fi arewacinta samun ruwa. Sabo da haka rosmari ya fi jure ƙishirwa da ya jure jiƙa. Wanda ya manta da wannan, shi ne ƙananan ƙudaje kan yi wa sallama.

2. Yaro da tukunyarsa

Wani yaro ɗan aji biyar a Ƙiru, kawunsa ya zo daga Jos ya kawo masa ɗan reshen rosmari cikin leda. Yaro ya yi murna ƙwarai. Ya sami tukunya, ya cika ta da ƙasar bakin juji mai taki, ya dasa, ya ajiye ta cikin inuwa a bayan ɗakin innarsa. Don tsananin son da ya ke yi mata, kullum sai ya ba ta ruwa da safe, ya ba ta da maraice. Har watan Agusta ya kama, marka ta sauka, bai fasa ba.

Ran nan da safe ya zo da butarsa. Da ya taɓa tukunyar sai ya ga waɗansu 'yan ƙudaje baƙaƙe sun tashi buu, sun yi ɗan shawagi, sun koma. Ya duba da kyau, sai ya ga ganyen ƙasa sun fara zama rawaya, kan reshen kuma ya langwaɓe. Ya ce a ransa, "Ƙishirwa ce." Sai ya ƙara ruwa.

Bayan mako guda abin ya ƙaru. Yaro ya tafi wurin uwarsa ya ce, "Inna, ba ni fiya-fiyar nan ta kashe sauro in yayyafa wa tukunyata, ƙudaje za su kashe mini shuka."

Uwar ta ce, "Kai, rufa mini asiri! Abin da za mu sa a shayi za ka zuba wa guba? Ɗauki tukunyar ka kai wa malaminku ya gani."

Kashegari yaro ya ɗauki tukunya a ka, ya kai makaranta. Ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ga shukata ba ta da lafiya. Wane magani zan sa mata?"

Malam ya ce, "Likita ba ya ba da magani sai ya san cuta. Ajiye ta nan, mu duba tukuna."

Malam ya tara 'yan aji. Ya sa yatsa ya girgiza reshen a hankali, ba abin da ya tashi. Sa'an nan ya ƙwanƙwasa gefen tukunyar, sai ga 'yan ƙudaje sun taso daga cikin ƙasa. Ya ce, "Kun gani? Daga ina su ka fito, daga ganye ko daga ƙasa?"

Yara su ka ce, "Daga ƙasa, Malam."

Daga nan ya kai su lambun makaranta, ya girgiza wani tumatir. Sai waɗansu 'yan ƙwari farare fat su ka tashi kamar an hura gari. Ya ce, "Waɗannan fa?"

Su ka ce, "Daga ƙarƙashin ganye."

Malam ya ce, "To, kun ga ƙwari biyu ke nan. Dukansu ƙanana, dukansu masu tashi, dukansu kuma suna kama rosmari. Amma gidansu dabam, abincinsu dabam, maganinsu ma dabam. Wanda bai rarrabe su ba, wahalar banza zai sha."

Bari mu ɗauke su ɗaya ɗaya, mu ga abin da Malam ya koya wa yaran nan.

3. Baƙin ƙuda na cikin ƙasa

Na farko shi ne ɗan baƙin nan. Za mu kira shi ƙudan danshi, domin inda danshi ya ke nan ya ke zama. Tsawonsa kamar milimita 3 ne, watau kusan ƙwayar gero. Yana da dogayen ƙafafu, har ya yi kama da jaririn sauro, amma ba ya cizo. Ba shi da ƙarfin tashi, ya fi son gudu a kan ƙasar tukunya.

Shi babban ƙudan ba ya cin ganye, ba ya yi wa shuka kome. 'Ya'yansa ne masu ɓarna. Macen ta kan nemi jiƙaƙƙiyar ƙasa mai ruɓaɓɓen taki, ta zuba ƙwai tsakanin 100 da 200. Bayan kwana 4 zuwa 6 sai ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'yan tsutsotsi su fito, farare masu baƙin kai. A saman ƙasar tukunya su ke zama, ba su yin zurfi. Abincinsu fumfuna ne da ruɓaɓɓen ganye. In sun yi yawa sai su koma kan ƙananan saiwoyin shuka, waɗanda su ka yi siriri kamar gashi, su yi ta gaigaya. Tsutsar ta kan yi kamar mako biyu tana ci. Daga nan ta kwanta kamar ta mutu na 'yan kwanaki, sa'an nan ta fito da fiffike ta zama ƙuda. Ƙudan ya yi kamar mako guda a duniya, ya yi nasa ƙwan, ya mutu. Daga ƙwai zuwa ƙuda, mako 3 ne zuwa 4.

Ku yi wannan lissafi. A ce mace guda ta yi ƙwai 100, duka su ka rayu, rabinsu mata. In kowace cikin 50 ɗin nan ta yi ƙwai 100, ƙwai nawa ke nan? 5,000! Kun ga dalilin da ya sa yaron nan ya ga ƙudaje kaɗan yau, bayan 'yan makonni ya ga sun cika tukunya.

Da waɗannan ƙananan saiwoyi ne shuka ke shan ruwa. Saiwa kuma tana bukatar iska kamar yadda ku ke bukata. In ƙasa ta cika da ruwa kullum, iska ba ta samun wurin shiga, sai saiwa ta shaƙe ta fara ruɓewa. Ga ruɓa, ga tsutsa. Shukar da saiwarta ta lalace ba ta iya shan ruwa ko da tana tsaye cikinsa, sai ta yi yaushi kamar mai jin ƙishirwa. Mai ita ya gani ya ƙara ruwa, ya ƙara mata ciwo. Abin da ya sami yaron nan ke nan.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yawan ruwa shi ne tsagar bangon. Ƙudan danshi kuwa ɗan aike ne kawai, ya zo ya gaya maka ruwa ya yi yawa.

4. Farin ƙuda na ƙarƙashin ganye

Na biyu shi ne wanda manoma ke kira farin ƙuda. Ya fi na farko ƙanƙanta, tsawonsa kamar milimita 1 ne. Ko da ya ke ana ce masa ƙuda, ba dangin ƙudan gida ba ne. Shi ɗan'uwan ƙwarin nan ne masu sa darɓa a jikin dawa da wake. Fikafikansa huɗu ne, da wani farin gari a jikinsu. Wani masani mai suna Gennadius ne ya fara rubuta bayanin irin da ya fi damun manomanmu, a shekarar 1889, bayan ya same shi a gonakin taba a ƙasar Girka.

Farin ƙuda ba ruwansa da ƙasar tukunya. A bayan ganye ya ke zama, nan ya ke ci, nan ya ke ƙwai. Bakinsa kamar allura ya ke. Sai ya soka shi cikin ganye ya yi ta tsotsar ruwan jikin shuka, kamar yadda sauro ke tsotsar jini. 'Ya'yansa ba su da fiffike. Su kan manne a bayan ganye kamar 'yan ɓawon kifi, su ma suna tsotsa. Lokacin zafi, cikin kamar mako 3 sun girma sun tashi.

Ɓarnarsa iri uku ce. Ta farko, yana shanye ƙarfin shuka, ganye ya yi rawaya ya zube. Ta biyu, yana fitar da wani ruwa mai zaƙi mai danƙo. Ruwan nan ya kan ɓata ganye, wani baƙin fumfuna kamar kunkunniya ya fito a kansa ya tare hasken rana. In kun ga kiyashi na hawa da sauka a jikin shuka, ku duba bayan ganye, domin sau da yawa zaƙin nan su ke bi. Ta uku ita ce mafi muni: yana ɗaukar cuta daga shuka maras lafiya ya kai wa mai lafiya. Shi ne ke yaɗa cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir, da wadda ke sa ganyen rogo ya yi dabbare-dabbare ya ƙanƙance.

Ƙudan danshi da damina ya fi yawa. Farin ƙuda kuwa ya fi son rani da bazara, domin ruwan sama mai ƙarfi ya kan kakkaɓe shi. Yana kuma son lungun da iska ba ta ratsawa, da wurin da a ka cunkushe tukwane.

5. Maganin ƙudan danshi

Tun da mun san ruwa ne ya kawo shi, maganinsa na farko ba ya cin ko kwabo. A daina ba da ruwa, har saman ƙasa ya bushe. Ƙwai da tsutsar ƙudan nan ba su jure bushewa, rosmari kuwa yana jurewa. Kafin ka ba da ruwa, tura yatsanka cikin ƙasar har gaɓa biyu. In ka ji danshi, ajiye buta sai wata rana. In ka ji ta bushe, zuba ruwa sosai har ya fita ta ƙasa, sa'an nan ka ƙyale ta.

Na biyu, duba gindin tukunya. Lalle ne ya kasance da huda inda ruwa zai fita. A ɗora tukunyar bisa duwatsu uku kamar murhu, don kada hudar ta toshe, kada kuma a bar ruwa ya kwanta ƙarƙashinta. Tukunyar ƙasa irin ta maginanmu ta fi bokitin roba, domin jikinta na tsatsafo, ƙasar ciki ta kan bushe da wuri.

Na uku, gyara ƙasa. Ƙasar juji da ɗanyen taki suna riƙe ruwa, su ne kuma abincin tsutsar. Rosmari ya fi son ƙasa mai yashi. In ƙasar ta lalace, a zare shukar a hankali, a kakkaɓe tsohuwar ƙasa, a yanke saiwoyin da su ka yi baƙi su ka yi laushi, a sake dasawa cikin sabuwar ƙasa da a ka gauraya da yashi mai tsakuwa. A tsince busassun ganyen da ke faɗawa cikin tukunya. A kuma shimfiɗa busasshen yashi mai kauri a sama, kamar kaurin yatsa, don macen ƙudan ta rasa inda za ta yi ƙwai.

Na huɗu, sake mata wuri. Rosmari yana son rana, kamar sa'a 6 kowace rana, da iska. Da damina a ajiye shi bakin rumfa, inda rana ke samunsa amma marka ba ta jiƙa shi, nesa da indararo.

In kuna so ku ga tsutsar da idonku, ga wata dabara. Ku yanka ɗanyen dankalin Turawa, ku kife yankan a kan ƙasar tukunya. Bayan kwana 2 ko 3 ku ɗaga. In akwai tsutsa, za ku tarar sun taru suna ci. Sai ku jefar da yankan can nesa, ku sa wani.

6. Maganin farin ƙuda

Shanya ƙasa ba ya korar farin ƙuda, tun da ba cikinta ya ke ba. Shi sai an bi shi bayan ganye.

Da fari a raba tukunyar da ta kamu da sauran tukwane. A yanke rassan da ƙwarin su ka fi yawa a kai, a binne ko a ƙone. Sa'an nan da sassafe, lokacin da ƙwarin ba su da kuzari, a karkata tukunyar a wanke bayan ganyen da ruwa. A karkata ta ne don kada ruwan ya cika ƙasar, garin gudun wannan a kira wancan.

In ba su tafi ba, sai a koma ga ruwan sabulu. A narka sabulu maras turare, kamar ƙaramin cokali 1 ko 2, cikin ruwa lita 1. Kada a yi da garin wanki, domin yana ƙona ganye. A fara gwadawa a reshe guda, a jira kwana 2. In bai ƙone ba, a fesa wa sauran, musamman bayan ganye. Ruwan sabulu sai ƙwaron da ya taɓa ya ke kashewa, ba ya kuma kashe dukan ƙwai. Don haka a maimaita kowane mako, har sau 3 ko 4. Da maraice a ke feshi, ba da tsakar rana ba.

Akwai kuma tarko, wanda ke kama ƙudajen nan duka biyu, domin dukansu suna son launin ruwan ɗorawa. A roƙi wani babba ya yanko ɗan ɓallin tsohuwar jarka mai wannan launi, kamar faɗin tafin hannu. A shafe shi da basilin, a soka a tsinke, a kafa cikin tukunya. Duk wanda ya sauka ya manne. Tarko ba ya ƙare su, amma yana rage iyaye, yana kuma nuna maka ko suna ƙaruwa ko suna raguwa.

7. Taimakon darbejiya

Akwai wani magani da ke tsaye a bakin makarantarku da ƙofar gidanku, watau darbejiya, wadda waɗansu ke kira dogon yaro ko maina. Ita ma baƙuwa ce, asalinta daga ƙasar Indiya da Bama. An kawo ta ƙasar Barno a shekarar 1928, daga baya ta bazu ko'ina cikin Arewa.

Mutanen Indiya sun daɗe da sanin ƙwari ba su son ta. A shekarar 1959 wani masani Bajamushe mai suna Heinrich Schmutterer yana aiki a ƙasar Sudan, sai fara ta sauka. Ta cinye ganyen itatuwa ƙarƙaf, amma ta bar darbejiya kore shar. Ya yi mamaki, ya shiga bincike. A shekarar 1968 waɗansu masana a Ingila su ka ware sinadarin da ke cikin ƙwallon darbejiya mai wannan aiki. Shi sinadarin ba ya kashe ƙwaro nan take. Hana shi cin abinci ya ke yi, ya kuma hana 'ya'yansa girma.

Ga yadda a ke haɗawa. A tsinci nunannun 'ya'yan darbejiya, a wanke, a shanya a inuwa. A fasa, a fitar da ƙwayar ciki, a daka. A auna giram 50 na garin, a jiƙa cikin ruwa lita 1, ya kwana. Da safe a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu kaɗan don ya kama ganye, a fesa da maraice. Ba a ajiye shi, domin rana da zafi na kashe ƙarfinsa. Kowane feshi sai a haɗa sabo.

Amma ku kiyaye. Wannan aiki da babba a ke yinsa. Ba a sha, ba a barinsa inda ƙananan yara za su kai hannu, domin yana cutar da su ƙwarai in sun sha. Kada a daka a turmin abinci. A wanke hannu bayan an gama. Ganyen da a ka fesa wa kuma, a bari ya yi kwanaki, a wanke shi sosai kafin a sa a abinci.

8. Abokanmu cikin ƙwari

Innar yaron nan ta yi gaskiya da ta hana shi fiya-fiya. Magungunan feshi masu ƙarfi guba ne, ba na yara ba ne, ba kuma na shukar da ke tsakar gida kusa da randa ba ne. Ban da haka, farin ƙuda ya shahara da saba wa magani. In a ka yi ta fesa masa iri guda, masu rauni su mutu, masu jurewa su rayu su hayayyafa, har maganin ya daina aiki.

Guba kuma ba ta san abokin gaba da masoyi ba. Ba kowane ƙwaro ne maɓarnaci ba. Gizo-gizo yana kama ƙudaje da saƙarsa. Akwai wata 'yar ƙwaro mai zagayayyen baya, ja da ɗigo-ɗigon baƙi, ita da 'ya'yanta abincinsu ƙwarin darɓa ne da 'ya'yan farin ƙuda. Zuma kuwa na son furen rosmari. In ka kashe waɗannan, ka kori masu gadin da ke yi maka aiki ba lada.

9. Daga tukunya zuwa gona

Yaron nan ya bi abin da Malam ya ce. Da su ka kife tukunyar sai su ka tarar ashe ba ta da huda ko ɗaya. Su ka huda ta, su ka yanke ruɓaɓɓun saiwoyi, su ka sake ƙasa. Ya mai da ita bakin rumfa wajen gabas, ya kafa tarkonsa. Abin da ya fi yi masa wuya shi ne ya wuce ta da buta a hannu bai zuba ba. Mako na farko ya ƙirga ƙudaje da yawa a jikin tarko. Mako na biyu su ka ragu. Kafin wata guda ya cika, sai ya ƙwanƙwasa tukunya ba abin da ya tashi. Rassa biyu sun bushe ba su dawo ba, amma da kaka ta yi sai ga sabon toho a kan sauran.

Kada ku ce wannan karatu na 'yar tukunya ne kawai. Ku dubi madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, wadda a ka gama ginawa a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwanta ne ke bin hanyoyin da a ka haƙa ya shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, inda dubban manoma ke noman rani. A can ma manomin tumatir sai ya san lokacin ba da ruwa da lokacin tsayawa, sai ya kuma riƙa juya ganye yana duba farin ƙuda. A shekarar 2016 wani ɗan ƙwaro mai tashi, wanda manoma su ka sa wa suna sharon, asalinsa daga Amurka ta Kudu, ya lalata gonakin tumatir masu yawa a Kano da Kaduna da Katsina, har tumatir ya yi tsada ƙwarai a kasuwanni. Shi ma bai kai tsawon farcen yatsa ba.

Watakila waɗansunku su ne manoman gobe da malaman gona. Yaron da ya koyi duban tukunya guda da kyau, ya san abin da ya taso daga ƙasa da abin da ya taso daga ganye, ba zai ruɗe ba ran da a ka danƙa masa gona.

Tambayoyi

1. Daga waɗanne ƙasashe rosmari ya fito? Me ya sa ba ya son ruwa da yawa?
2. Yaya Malam ya yi ya rarrabe ƙudan danshi da farin ƙuda?
3. Tsakanin babban ƙudan danshi da tsutsarsa, wane ne ke ɓata shuka? Ta yaya?
4. Me ya sa shukar yaron ta yi yaushi alhali tana cikin ruwa?
5. Faɗi ɓarna uku da farin ƙuda ke yi.
6. Me Schmutterer ya gani a Sudan a shekarar 1959?
7. Me ya sa Inna ta hana ɗanta fiya-fiya? Kawo dalili biyu.
8. Bayyana ma'anar karin maganar nan: Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Aikin Yi

(a) Ku sami tukwane biyu masu huda, ku cika su da ƙasa iri ɗaya, ku dasa ɗoɗɗoya ko rosmari cikin kowace. Ɗaya ku ba ta ruwa safe da maraice. Ɗaya kuwa sai kun gwada da yatsa kun ji ta bushe. Ku kafa tarko cikin kowace. Kowace Alhamis ku ƙirga ƙudajen da su ka manne, ku rubuta cikin littafinku, har mako 4.

(b) Ku tafi lambu tare da malaminku, ku juya ganyen tumatir ko kuɓewa ko rogo, ku zana hoton abin da ku ka gani a bayansa.